Ƙirgen ambato: yadda muka auna binciken wata malamar nazarin zamantakewa

Fayil ɗin ya iso ɗakin karatu daga ofishin shugaban tsangaya, da 'yar takarda maƙale a bangonsa: a tantance jerin wallafe-wallafen Dakta, a fitar da yawan ambaton da ayyukanta suka samu kafin kwamitin ƙarin girma ya zauna. Malamar nazarin zamantakewar al'umma ce, shekara 15 ke nan da fitowar maƙalarta ta farko, kuma akasarin bincikenta a kan adashe ne da ƙananan sana'o'in da matan aure ke yi a cikin gida. Matsayin mataimakiyar farfesa take nema. Kwana shida aikin ya ci mana, ni da abokin aikina, kuma zan bi shi daki-daki yadda muka yi, saboda da wuya wata ya wuce wani malami bai leƙo yana tambayar nawa ne h ɗinsa ba, wato ma'aunin da ke haɗa yawan ayyukan mai bincike da yawan ambaton da suka samu, yana zaton lamba ce da ake karantowa kamar ta mitar wuta.

Ambato shi ne wani mai bincike ya kafa hujja da aikinka, ya sa shi a jerin manazartarsa. Ko sau goma ya kira sunanka a cikin maƙalarsa, a lissafi ambato ɗaya ne. Rumbuna uku aka fi ƙirga shi a cikinsu. Web of Science shi ne dattijonsu, ya samo asali daga aikin Eugene Garfield, wanda cibiyarsa ta fara fitar da kundin ambaton kimiyya a 1964, na kimiyyar zamantakewa kuma ya biyo baya a 1973. Yanzu yana hannun kamfanin Clarivate. Scopus na Elsevier ne, ya fito a 2004, shekarar da Google Scholar ma ya fito. Biyun farko zaɓen mujallu suke yi, kuma sai jami'a ta biya ake shiga cikinsu sosai. Na ukun kyauta ne, duk abin da ya yi kama da rubutun ilimi a intanet kwashewa yake. Daga wannan bambancin ne duk rikicin lissafin yake tasowa.

Ranar farko ba mu taɓa intanet ba. Muka ajiye takardar tarihin aikinta a gefe ɗaya, kwalin kwafin wallafe-wallafenta a ɗaya gefen, muka buɗe shafin Excel. Kowane aiki layi guda: sunayen marubuta daidai yadda aka buga su, take, shekara, irin aikin, mujalla ko kamfanin ɗab'i, juzu'i da shafuka, lambar ISSN ta mujalla ko ISBN ta littafi, sai lambar DOI, wato lambar dindindin da ake gano aiki da ita a intanet, idan akwai. Muka bar gurabe uku a ƙarshe don ambaton kowane rumbu, da na huɗu don ranar da aka ƙirga. Ƙa'idarmu ɗaya ce, abin da ba mu riƙe a hannu ba ko ba mu gan shi a shafin mujallar ba, bai shiga lissafi.

A takarda ayyuka 43 ne: maƙala 24 a mujallu, littafi 1 da ya fito daga kundin digirinta na uku, babi 8 a littattafan haɗaka, takardar taro 6, da rahoto 4 da ta rubuta wa ƙungiyoyin raya ƙasa. Da muka gwada su da juna, takardun taro biyu su ne dai suka koma maƙala daga baya, an ɗan sauya take kawai, teburan da alƙaluman duk iri ɗaya. Maƙala guda kuma wasiƙar amincewa ce kawai a hannu, ba ta fito ba tukuna. Saura 40. Ba ha'inci ba ne, haka ake rubuta irin wannan takarda a ko'ina, amma mai ƙirga dole ya raba abin da aka gabatar da abin da aka wallafa.

Gurbin sunan marubuci shi ya fi kowane amfani daga baya. Sunan Dakta ya fito a siga biyar. Kafin aure da sunan mahaifinta take bugawa, bayan aure da na mijinta, a wasu wurare ta haɗa biyun, a maƙala biyu kuma sunan garinsu ne a ƙarshe, sai mujallar ta ɗauke shi a matsayin sunan dangi. Sunan Muhammad da ke tsakiya an rubuta shi Muhammad, Mohammed, da kuma M. kawai. Rumbunan nan an gina su ne a kan tsarin sunan Bature, sunan dangi ɗaya daga haihuwa har mutuwa, mu kuwa ba haka muke yi ba. Duk wanda bai tattara sigogin sunan nan a takarda kafin ya fara nema ba, rabin aikin mutum zai samo.

Rana ta biyu ta tafi a kan mujallu. Kowace muka nemi lambarta ta ISSN, mai alƙalami takwas, a shafin hukumar da ke bayar da ita, muka tabbatar sunan ya dace da lambar. Sai muka sauke jerin mujallun Scopus, wanda kyauta ake samunsa. A nan akwai tarko. Kasancewar mujalla a jerin bai isa ba, sai an duba shekarun da rumbun ya ɗauke ta. Akwai mujallun da aka ɗauka shekaru kaɗan sannan aka sallame su, kuma sunayensu suna wani shafi daban a cikin wannan jerin. Wata maƙalar Dakta ta faɗa a nan: an daina ɗaukar mujallar shekara guda kafin maƙalar ta fito, amma har yau tambarin Scopus yana kan shafin mujallar. Akwai kuma mujallun da 'yan damfara ke kwaikwayon shafinsu da suna da lamba iri ɗaya, don haka adireshin shafin ma sai an gwada shi da wanda ke cikin jerin. Jerin mujallun bogi da Jeffrey Beall ya riƙa wallafawa ya rufe tun Janairun 2017, kwafinsa da ke yawo ya tsufa, bai kamata kwamiti ya yanke hukunci da shi kaɗai ba. Mu dai mun fi dogara da DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta, da AJOL, dandalin mujallun Afirka, da kuma duba mujallar da ido: su wane ne editocinta, kwana nawa ne tsakanin karɓar maƙala da amincewa da ita. Wadda ta karɓa ran Litinin ta amince ran Alhamis ba ta kai wa kowa ya duba ba.

Cikin maƙala 23, bakwai ne suke Scopus, huɗu daga cikin bakwai ɗin kuma suna Web of Science. Sauran 16 a mujallun tsangayoyi ne da na ƙungiyoyin malamai na cikin gida, wasu suna AJOL, wasu kuwa a takarda kaɗai suke.

Google Scholar ya cinye rana ta uku da rabin ta huɗu. Dakta tana da shafi a can, yana nuna ambato 940 da h 16, kuma wannan lambar ta riga ta rubuta a fom. Da muka gangara ƙasa sai ga maƙalu a kan sinadaran ganyen zogale da gwajin ƙwayoyin cuta. Guda 14 ne, na wata mai irin sunanta a fannin haɗa magunguna. Dalilin a fili yake: lokacin buɗe shafin an bar shi a kan ya riƙa ƙara ayyuka da kansa ba tare da tambaya ba, shi kuwa da harafin farko da sunan ƙarshe yake aiki. Muka kira ta, domin mai shafi ne kaɗai ke iya gogewa. Ta daɗe tana kallon allon kafin ta ce, "Malam, ai wannan lambar na riga na kai wa shugaban sashe." Na ce, "Dakta, gara mu cire da hannunmu. Idan mai tantancewa na waje ya ga zogale a fayil ɗin adashe, sauran ayyukan ma zai fara shakkarsu." Ta zauna ta goge su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta mayar da shafin a kan sai an aiko mata da saƙo ta amince kafin a ƙara komai.

Bayan shara sai haɗe. Littafinta ya fito sau huɗu a wurare daban-daban, domin masu ambato sun rubuta shi a siga huɗu: wani ya sa shekarar kundin digirin, wani ya yanke rabin taken, wani ya juya sunayen. Uku daga ciki baƙin rubutu ne da ba ya dannuwa, wato Google Scholar bai ga littafin kansa ba, a manazartar wasu kawai ya tsinci sunansa. Ana zaɓar su a haɗe su wuri guda. Jimillar ba lallai ta yi daidai da abin da ka tara da ka ba, saboda idan maƙala ɗaya ta bayyana a ƙarƙashin siga biyu sau ɗaya za a ƙirga ta. Wani lokaci alamar tauraro kan fito a gefen lambar, tana nuna an haɗa abubuwan da na'urar ke ganin ƙila ba ɗaya ba ne. Kundin digirin da littafin ba mu haɗe su ba, ko da yake hakan zai ƙara lamba, domin littafin yana da babi biyu da babu su a kundin.

Babin da ta rubuta da Hausa shi ya fi ba mu wahala, kuma abin yana ci mini rai duk lokacin da na ci karo da shi. An buga littafin da tsohon salon harafi na Rabi'at, wanda ke ɗora haruffa masu lanƙwasa a kan wasu maɓallai. A ido ƙ ce, amma a cikin fayil ɗin alamar } ce, ɗ kuma ] ce. Na'urar nema abin da ke cikin fayil take karantawa, ba abin da ido ke gani ba. Kalmar ƙananan da ke taken sai da muka neme ta a siga biyar: ƙananan, kananan, k'ananan, qananan, da }ananan. A siga ta biyu da ta huɗu muka tsinci ambato shida da ba su taɓa shiga shafinta ba.

Daga cikin ayyuka 40, Google Scholar ya san 31. Tara ɗin da suka rage ba rashin inganci ya ɓoye su ba. Wasu mujallun tsangaya sukan ɗora fitowa guda sukutum a fayil ɗaya, sai na'urar ta ɗauki taken maƙalar farko ta manta da sauran. Wasu hoton shafuka suke ɗorawa, babu rubutun da za a iya karantawa. Ƙa'idar Google Scholar kuma ta ce kada fayil ya wuce megabait 5. Mujallar da ke kan manhajar OJS ta wallafa mujallu a intanet, kowace maƙala da shafinta da bayananta, ba ta cika samun wannan matsala ba. Maganin da ke hannun malami shi ne ya kai kwafin aikinsa ma'ajiyar intanet ta jami'arsa idan mawallafin ya yarda, amma wannan sai bayan makonni ko watanni yake nunawa, ba zai ceci fayil ɗin da ke gaban kwamiti ba.

Yanzu lissafin kansa. Muka jera ayyukan daga mafi yawan ambato zuwa ƙasa: 88, 61, 40, 27, 22, 19, 15, 13, 12, 11, 11, 10, 8, 7, 6, 5, 5, 4, 3, 3, sauran kuma biyu-biyu da ɗai-ɗai da sifiri. Jimilla 379. Ma'aunin h, wanda masanin fiziya Jorge Hirsch ya kawo a 2005, ana samunsa ne da gangarowa har inda lambar layi ta fi yawan ambaton da ke kansa. Aiki na 11 yana da ambato 11, ya tsaya. Na 12 yana da 10, bai kai 12 ba. Saboda haka h ɗinta 11 ne. Ma'aunin i10 na Google yawan ayyukan da suka kai ambato goma ne, nata 12. Ma'aunin g na Leo Egghe, na 2006, tara ambaton yake yi daga sama: ayyuka 19 na farko sun tara 367, sun haura 19 sau 19, wato 361, amma 20 na farko 370 suka tara, ba su kai 400 ba. To g ɗinta 19 ne. Amfanin g shi ne yana ganin nauyin littafin nan mai ambato 88, wanda a wurin h daidai yake da maƙala mai 11. Manhajar Publish or Perish ta Anne-Wil Harzing, wadda kyauta ce, tana fitar da duk waɗannan cikin daƙiƙa, amma abin da ka ba ta shi take lissafawa. Kuma idan aka matsa mata da nema a jere, Google kan tsayar da kwamfutar ya ce a tabbatar mutum ne, wani lokaci sai an haƙura zuwa washegari.

Ambaton kai, wato mutum ya ambaci aikinsa da kansa, sai an ware shi. Scopus yana da maɓallin cire shi, Google Scholar ba shi da shi. Da hannu ake yi: a buɗe jerin masu ambaton aiki, a zaɓi nema a cikinsu kaɗai, a sa sunan marubuciyar, a ƙirga. Da siga biyar na suna, aikin ya ninka biyar. Mun sami 41 cikin 379, kuma da aka cire su h ya sauko zuwa 10. Wannan ba abin zargi ba ne. Wanda ya shekara 15 a kan maudu'i ɗaya dole ya koma kan abin da ya gina. Abin da ke sa a ɗaga gira shi ne a ga maƙala guda ta ambaci ayyukan mai ita goma sha biyar a jimla ɗaya, ko malamai uku na sashe ɗaya suna ambaton juna a kowace fitowa ta mujallar da su ne editocinta.

A Scopus mun tarar an raba ta gida biyu, lambar marubuci ɗaya da sunan mahaifi mai maƙala uku, wata da sunan miji mai huɗu. Kowace ita kaɗai h ɗinta bai wuce 3 ba. Akwai fom na neman a haɗe su, kyauta ne, amma gyaran ba ya fitowa nan take, don haka muka tura buƙatar muka kuma yi lissafin da hannu: 34, 21, 12, 9, 6, 3, 1. Jimilla 86, h 5. A Web of Science 25, 14, 5, 2, jimilla 46, h 3. Mutum ɗaya, rana ɗaya, lambobi uku: 11, 5, 3. Babu ta ƙarya a cikinsu. Kowane rumbu abin da ke cikin gidansa yake ƙirgawa, kuma ambaton da ya fito daga gidansa kaɗai.

Littafin, wanda shi ne babban aikinta, babu shi a rumbunan nan biyu, domin kamfanin ɗab'i na cikin gida ne ya buga shi. Amma akwai ƙofar baya da mutane da yawa ba su sani ba. Dukansu biyu suna ba da damar nema a cikin manazartar maƙalun da suka ɗauka. Da muka nemi sunanta da kalmomi biyu daga taken littafin a can, muka sami maƙalu 19 na Scopus da suka kafa hujja da shi. Waɗannan ba sa shiga h ɗin da shafin ke nunawa, sai dai a rubuta su daban. Ga malamin kimiyyar zamantakewa wannan mataki wajibi ne, domin a fannonin nan littafi da babi su ne manyan kaya, ba kamar likitanci ko kimiyyar sinadarai ba inda maƙala ce kusan komai. Takwarorinmu na Nijar, waɗanda ƙarin girmansu ke bi ta hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu, nasu ya fi namu tsanani, saboda yawancin rubutunsu da Faransanci ne. Biyu daga masu ambaton littafin Dakta ma daga Yamai suke, kuma a Google Scholar kaɗai suka bayyana.

Fom ɗin ya nemi a rubuta ma'aunin tasirin kowace mujalla. Wannan ma'auni Clarivate ne kaɗai ke fitar da na ainihi, kuma lissafinsa shi ne ambaton da aka yi a shekara guda ga abin da mujallar ta buga a shekaru biyu da suka gabata, a raba da yawan maƙalun. Shekara biyu ta yi kaɗan ga fannin da mai bincike zai shekara a fili yana hira da mutane, ya shekara yana rubutu, mujalla ta shekara tana dubawa. Maƙalar Dakta mai ambato 61 ba ta sami ko biyar ba a shekaru biyunta na farko. Mujallu uku na cikin jerin sun manna wasu lambobi a bangonsu da sunan ma'aunin tasiri, daga kamfanonin da ke sayar da lamba ga duk wanda ya biya. Mun bar gurbinsu babu komai, muka rubuta dalili. Ga waɗanda ke Scopus mun ɗauko matakinsu daga SCImago, shafin da ke jera mujallu a matakai huɗu, daga Q1 na sama zuwa Q4 na ƙasa, na shekarar da maƙalar ta fito ba na bana ba. Mujalla ɗaya tana iya zama Q2 a nazarin raya ƙasa, Q3 a nazarin zamantakewa, don haka muka rubuta fannin a gefen kowace.

Lambar da na fi yarda da ita a Scopus ita ce wadda ke gwada maƙala da tsararrakinta, masu shekara ɗaya, fanni ɗaya, iri ɗaya, a cikin shekarar fitowa da uku da ke biye. Idan ta nuna 1.00, maƙalar tana daidai da abin da ake tsammani a duniya. Biyu daga maƙalun Dakta sun haura ɗaya, sauran suna ƙasa. Sai dai da maƙala bakwai kacal ba a ɗaukar matsakaici a gina hukunci a kansa, domin ambato uku ko huɗu suna iya juya shi.

Batun marubuta da yawa kowace jami'a da tsarin rabon makinta, wasu suna fifita sunan farko. A nan ma sai an san al'adar fanni. Masana tattalin arziki sun saba jera sunaye bisa haruffa, don haka Abubakar ko Adamu zai riƙa zuwa farko ko da ba shi ya ja aikin ba, Yakubu kuwa kullum a ƙarshe. A maƙala biyu da Dakta ta yi da wani masanin tattalin arziki mun rubuta wannan bayani a gefe. Haka kuma mun ƙi sa lambobin da Hirsch ya kawo a matsayin ma'auni, inda ya ce h kusan 12 ya dace da mataimakin farfesa, kusan 18 kuma da farfesa. Maganar masana fiziya yake yi a manyan jami'o'in bincike, inda maƙala ke fita da yawa, ambato ke zuwa da wuri. Ɗora wannan a kan mai nazarin adashe zalunci ne, kuma na sha jin ana kawo lambobin a taro kamar doka.

Rana ta biyar muka yi abin da babu na'urar da ke yi, wato karanta masu ambaton. Muka ɗauki ayyuka biyar na sama, muka buɗe waɗanda suka ambace su gwargwadon abin da ke buɗuwa. Cikin 88 na littafin, 30 muka karanta. Goma sha uku kundayen ɗalibai ne daga jami'o'i daban-daban, huɗu kaɗai daga sashenta. Goma sha ɗaya maƙalun mujallu ne, shida rahotannin ƙungiyoyi. Mafi yawansu ambaton wucewa ne, suna cikin baka tare da wasu biyar. Amma bakwai sun ɗauki rabe-raben adashe da ta yi, na kasuwa da na gida da na biki, suka gina tambayoyin bincikensu a kai. Ɗaya kuma ya yi shafi biyu yana musanta ta, yana cewa ta raina rawar uwar adashe wajen bin bashi. A lissafi wannan musun ɗaya yake da ambaton wucewa, alhali shi ne shaidar an karanta ta da gaske. Wani rahoton kuma ya kwashe teburinta guda ya sa sunanta a ƙasan shafi kawai, babu jerin manazarta, don haka babu rumbun da zai taɓa ƙirga shi. Da muka nuna mata ta ce ba ta taɓa sanin an yi amfani da shi ba.

Rahoton da muka rubuta shafi biyu ne. Na farko tebur ne mai layi uku, kowane rumbu da yawan ayyukan da ya gani cikin 40, jimillar ambato, h da ambaton kai da kuma ba tare da shi ba, da ranar da aka ƙirga. Ranar tana da muhimmanci domin lambobin suna motsi, har ƙasa suna yi idan wani shafi ya mutu ko an gyara maimaici, shi ya sa muka ɗauki hoton kowane allo muka liƙa a baya. Ba mu tara lambobin rumbuna uku wuri guda ba, tun da ambato ɗaya yana iya kasancewa a dukansu. Shafi na biyu bayani ne da kalmomi: abin da aka cire da dalili, ambato 19 na littafin, ayyuka tara da babu rumbun da ya gani, da abin da karatun masu ambato ya nuna. Mun kafa hujja da Sanarwar San Francisco ta 2012, wadda ta ce kada a auna maƙala da ma'aunin mujallar da ta fito a ciki, da kuma ƙa'idoji goma na Leiden da suka fito a mujallar Nature a 2015. Ta farkonsu ta ce lissafi mataimaki ne ga hukuncin masana, ta uku ta ce a kare nagartar binciken da ya shafi buƙatun gida, ta biyar kuma ta ce a bar wanda ake aunawa ya duba bayanan da kansa.

Wannan ta biyar ɗin ita muka yi a rana ta shida. Dakta ta zo da jan biro ta bi layi 40 ɗin. Ta gyara shekarar babi guda da muka ɗauko daga ranar taro maimakon ranar bugu, ta kuma nuna mana cewa wani ambato da muka lissafa a na kai, na ɗalibarta ne mai irin sunan mahaifinta. Ambaton kai ya koma 40, h bai motsa ba. Kafin ta tashi muka buɗe mata lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, mai alƙalami 16, muka zuba sigogin sunanta biyar a gurbin sauran sunaye, muka haɗa ta da Scopus da Crossref, ƙungiyar da ke rajistar lambobin DOI, domin duk sabuwar maƙala mai DOI da ta sa lambar a kanta ta riƙa shiga da kanta. A fom ɗin ta ja layi a kan 16, ta rubuta 11 a samansa, ta sa hannu da kwanan wata a gefe. Aka yi kwafi uku na fayil ɗin saboda masu tantancewa na waje, littafin a saman kowane ɗauri.